Me ya sa kowane ɗaurin jita yake da nasa hali?

"Malam, barka da aiki. Na daɗe ina kaɗa jita a ɗaurin da kowa ya sani, E A D G B E. Kwanan baya na sauke ta zuwa DADGAD, na ji wani irin amo da ban taɓa ji daga jitata ba, har na kasa ajiye ta. To amma da aka kwana biyu sai na lura duk abin da na kaɗa kamar abu ɗaya nake ta maimaitawa. Ga shi kuma tsirkiyar farko ta tsinke lokacin da nake mayar da ita E. Tambayata ita ce: tunda sautukan nan su ne dai a wuyan jita ko ta yaya aka ɗaure ta, me ke sa kowane ɗauri ya zo da nasa hali? Kuma bayan waɗanda aka saba ji, wanne ya cancanci in ba shi lokacina?"

Barka kadai, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka, abu uku ka dunƙule wuri ɗaya: daga ina halin ɗauri yake fitowa, me ya sa daɗin DADGAD ya koma maka maimaici, sannan ina za ka dosa daga nan. Na farko da na biyu amsarsu ɗaya ce. Maganar tsirkiyar da ta tsinke mai sauƙi ce, sai can gaba.

Bari mu daidaita baki tukuna. Duk ɗaurin da zan rubuta, daga tsirkiya mafi kauri zan fara, wato ta shida, in ƙare a siririyar, ta farko. Gaɓa ɗaya a wuyan jita rabin taki ce, gaɓa biyu taki guda, gaɓa 12 kuma oktaf, inda sauti yake komawa sunansa amma a sama. Nisan gaɓa 7 shi ake kira tazarar biyar, gaɓa 5 tazarar huɗu, gaɓa 4 babbar uku, gaɓa 3 ƙaramar uku. Alamar # tana nufin an ɗaga sauti rabin taki, ♭ kuma an sauke shi.

Gaskiyarka ne, sautuka 12 ne a kowane oktaf, kuma duk yadda ka murɗa maɗauran jita ba za ka ƙara na 13 ba. Sai dai yatsu huɗu kawai ke danna tsirkiya, kuma iyakar buɗewarsu gaɓa huɗu zuwa biyar ce. Cikin dubban haɗe-haɗen da za a iya rubutawa a takarda, 'yan kaɗan ne hannu yake iya kamawa a lokaci guda. Ɗauri shi ke yanke wanne zai zo da sauƙi, wanne sai da wahala, wanne kuma ba zai samu ba sam. Kamar ɗaki ne da aka sake wa jeren kaya: ba a shigo da sabon abu ba, amma abin da hannu zai fara tararwa ya canza. Makaɗi kuwa, duk iyawarsa, abin da ke kusa yake yawan ɗauka.

Shi kansa E A D G B E sulhu aka yi. Tazarar huɗu ce tsakanin kowace tsirkiya da maƙwabciyarta, ban da tsakanin G da B, inda aka rage gaɓa ɗaya. Lissafa ka gani: 5, 5, 5, 4, 5, jimla 24, oktaf biyu cif. Wannan ragin ne ya sa ta shida da ta farko suka zama E dukansu, shi ya sa kake iya kwantar da yatsa ɗaya a kan tsirkiyoyi shida ka gina kod, wato haɗin sautukan da ake bugawa tare, a gabansa ba tare da gefe biyun sun yi karo ba. An yi shi ne don ya shiga kowane gida, wato kowane ki, sautin da waƙa take zaune a kansa, ba tare da ya jingina da ɗaya sosai ba. Buge shi a buɗe, ba tare da ka danna komai ba, ka saurara, ba ya cewa komai. Yawancin ɗaurin da za mu taɓa a nan sun bayar da wannan 'yancin ne suka karɓi murya.

'Ya'yan sauti da amshin tsirkiyoyi

Tsirkiya ba sauti ɗaya take fitarwa ba. Ta biyar, A, tana girgiza sau 110 a sakan, amma a cikin amonta akwai wasu ƙananan sautuka a 220, 330, 440, 550, haka dai ninki-ninki. Su nake kira 'ya'yan sauti. Idan sautuka biyu suna da 'ya'yan da suka faɗa wuri ɗaya, kunne yana jin sun narke cikin juna. Haka kuma tsirkiyar da ba ka taɓa ba takan kama rawa da kanta idan an bugi abin da ya dace da ita ko da ɗaya daga 'ya'yanta. Gwada a DADGAD ɗinka: bugi ta huɗu da ƙarfi, ka kashe ta da yatsa nan take. D ɗin ba zai mutu ba. Ta shida da ta farko sun karɓe shi, A biyun nan ma suna sa baki a hankali. Tsirkiya shida ne amma sunaye uku kacal, don haka kusan duk abin da ka buga akwai mai yi masa amshi. Wannan ne amon da ya hana ka ajiye jitar.

Wanda ya fi fito da abin fili shi ne buɗaɗɗen D, wato D A D F# A D. Ɗauki wani D mai zurfi da jita ba ta kai gare shi ba, mai girgiza kusan 36.7 a sakan. Ninka shi sau 2, 3, 4, 5, 6 da 8, za ka sami 73.4, 110, 147, 183.5, 220 da 294. Waɗannan su ne tsirkiyoyin buɗaɗɗen D bi da bi. Jitar gaba ɗaya ta zama 'ya'yan sauti guda, shi ya sa ɗaurin yake da cika da natsuwa irin wadda ba ta neman ƙari. Ka lura da tsarin kuma: manyan tazara a ƙasa, ƙanana a sama. Tazarar uku idan ta sauka can cikin kauri dagulewa take yi, ita ce dalilin da ya sa mafi yawan ɗaurin da suka daɗe a hannun makaɗa suke fara ginin ƙasa da tushe, biyar, tushe; tushe shi ne sautin da kod yake ɗauke da sunansa. Buɗaɗɗen G, D G D G B D, danginsa ne, sai dai mafi kaurin sautinsa ba tushen ba ne, biyar ce. Wannan D na ƙasa yakan shiga tsakanin makaɗi da tushensa, shi ya sa Keith Richards, makaɗin ƙungiyar Rolling Stones, ya cire ta shida baki ɗaya ya riƙa kaɗa biyar.

Akwai ɗan ƙulli a F# ɗin nan da ya kamata ka sani. An jera gaɓoɓin jita ne bisa raba oktaf kashi 12 daidai wa daida, na'urar saiti ma da wannan ma'aunin take aiki. A wannan rabon F# yana kan 185, alhali ɗan sautin asali yana kan 183.5. Idan ka raba rabin taki kashi 100, babbar uku ta haura da kusan kashi 14, ita kuwa tazarar biyar kashi 2 kawai ta kauce. Bugi ta huɗu da ta uku tare a buɗe ka kasa kunne, za ka ji wata karkarwa kusan sau shida a sakan. Sassauta ta uku kaɗan-kaɗan har karkarwar ta lafa, sai ka ji kod ɗin ya zauna daram. Masu kiɗan zamiya, waɗanda ke sa kwalba ko ɗan bututun ƙarfe a yatsa, da yawansu haka suke yi, tunda siffa ɗaya suke ja sama da ƙasa. Amma kowane allazi da nasa amanu. Da zarar ka danna wannan tsirkiyar ta zama tushe ko biyar a wani kod, za ka ji ta yi ƙasa. Ni nakan tsaya a tsakiya, in sauke ta rabin abin da kunne ya nema.

Ɗaurin da ya ƙi bayyana ra'ayinsa

Uku ce ke gaya wa kunne irin kod: babbar uku, mejo, wanda ake ji da haske, ƙaramar uku, maino, wanda ake ji da duhu. DADGAD ba shi da ko ɗaya. Buɗaɗɗen D ne aka ɗaga masa F# zuwa G, sai kod ɗin ya tsaya a rataye, bai shiga nan ba bai shiga can ba. Davey Graham, makaɗin Birtaniya, shi ya yaɗa shi a farkon shekarun 1960, kuma ana danganta hakan da kiɗan ud, wani abin kiɗa mai tsirkiya na Larabawa, da ya ji a Maroko. Ko ba a faɗi tarihin ba tsarin yana nunawa: kiɗan da ke tafiya da kari a bisa sautin shimfiɗa ɗaya ba ya son kod ya riƙa yanke masa hukunci a kowane bugu. Shi ya sa ɗaurin ya sami gida a kiɗan gargajiyar Ailan da Sikotilan.

Abin da na fi daraja a DADGAD ma ba rashin ukun ba ne. Taki ɗayan nan ne da ke tsakanin G da A, ta uku da ta biyu. A ɗaurin da ka saba, sautuka biyu masu bin juna yawanci a tsirkiya ɗaya suke, na biyu yana kashe na farko. A nan kuwa kana iya warwatsa su. Gwada wannan a hankali, kada ka ɗaga yatsa sai dole: ta huɗu a buɗe, ta biyar gaɓa 7, ta huɗu gaɓa 4, ta uku a buɗe, ta biyu a buɗe, ta uku gaɓa 4, ta biyu gaɓa 4, ta farko a buɗe. Ka hau matakalar D ke nan daga D zuwa D, amma kowane sauti yana nan yana amo lokacin da na gaba ya shigo, suna zuba cikin juna. Ba a samun wannan da sauƙi a E A D G B E.

To me ya kawo maimaicin? Abin da ya ba ka daɗin ne ya ɗaure ka. Kana cikin gidan D, D uku da A biyu suna amshi ba hutu, kana jan yatsa ɗaya ko biyu sama da ƙasa, komai kuma yana fita da kyau domin babu abin da zai yi karo. Inda babu karo babu tafiya. Kusan duk ɗalibin da na ɗora a kan DADGAD sai ya faɗa wannan ramin, kuma abin da nake ba su shi zan ba ka: ka fita daga gidan D ba tare da kafo ba, wato ɗan mannen da ake matse wa wuyan jita don ya danne tsirkiyoyi duka a gaɓa ɗaya. Kafo yana canza tsayin sauti ne kawai, dangantakar tana nan yadda take. Danna ta shida a gaɓa 5, wato G, ka kashe ta biyar, ka danna ta uku a gaɓa 4, ka bar sauran a buɗe. Yanzu D ya zama biyar, A ya zama ado a saman kod. Sai ka matsa ta shida zuwa gaɓa 8, B♭, ka kashe ta biyar, ka bar huɗun sama duka a buɗe. D ya koma babbar uku, A ya zama sautin da ke rabin taki ƙasa da tushe, mai ɗan zafi mai daɗi. Tsirkiyoyin buɗe ba su motsa ba, amma aikinsu ya canza gaba ɗaya, domin sautin ƙasa ne ke raba musu muƙami. Makaɗin jita Pierre Bensusan ya shafe kusan duk rayuwarsa ta kiɗa a wannan ɗaurin yana shiga gidaje iri-iri, saboda haka iyakar ba a ɗaurin take ba.

Idan kana son ɗan'uwansa na kusa, akwai C G D G C D, wanda ake kira ɗaurin Orkney. Tsirkiyoyinsa biyar na sama suna da tazara iri ɗaya da biyar na ƙasan DADGAD, don haka siffofin da ka koya za su yi aiki in ka gusa su tsirkiya ɗaya, ga kuma ƙarin C mai zurfi a ƙarƙashi. Sai C G C F C E, wanda aka san mawaƙin Birtaniya Nick Drake da shi. Wannan ya fi ban sha'awa a wurina, domin uku da huɗu suna zaune tare a cikinsa, E a sama, F a tsakiya, suna ɗan gogar juna daga nesa. Danna ta uku a gaɓa 2, F ya zama G, kod ɗin C ya fito tsaf. Ɗaga yatsan, damuwar ta dawo. Da yatsa ɗaya kana shiga kana fita.

Waɗanda aka gina ƙaiƙayi a cikinsu

Akwai ɗaurin da da gangan aka bar wani sauti mai neman wucewa a buɗe. Makaɗan Hawayi suna da dangi guda da suke kira wahine, kuma alamarsu ita ce sautin nan da ke rabin taki ƙasa da tushe. Misali, ɗauki buɗaɗɗen G ka sauke ta uku daga G zuwa F#, ka sami D G D F# B D. A buɗe yana da laushi da ɗan kewa. Faɗa da yatsa a gaɓa 1 ta tsirkiya ta uku, F# ya hau G, an iso gida. Kuma da yake D da F# suna buɗe, kod ɗin D da ke jan waƙa ta koma G yana bakin hannu. Rabin taki ɗaya aka taɓa, amma halin jitar ya sauya.

F A C G C E na masu kiɗan rok ne na baya-bayan nan, waɗanda ke son saƙa da yatsu da ƙwanƙwasa wuya. Huɗun sama kod ɗin C ne cikakke, biyun ƙasa kuma suna cewa F, sai ka ji gida biyu a lokaci guda, haske mai ɗan hazo. Sai dai ya karya dokar da na ambata ɗazu, ya sa babbar uku, F da A, can ƙasa. Buge shi gaba ɗaya da ƙarfi ka ji yadda yake cushewa. Tsinci tsirkiyoyin ɗaya-ɗaya kuwa, sai ya buɗe. Ka ga ke nan ɗauri har hannun dama yake gaya wa abin da zai yi.

Wanda nake ganin an fi yi wa rashin adalci shi ne D A D F A D, buɗaɗɗen D maino, wanda Skip James, makaɗin blues na Amurka, ya yi amfani da irinsa a faya-fayan da ya ɗauka a 1931. Mutane suna gudunsa wai baƙin ciki ya yi masa yawa. Amma duba lissafin hannu: daga maino, yatsa ɗaya a gaba ya ishe ka ka mayar da kod mejo, a buɗe ko a bayan yatsan da ka kwantar. Daga mejo kuwa, komawa maino na bukatar ka koma bayan yatsan da ka kwantar, wanda ba ya yiwuwa. Saboda haka ɗaurin maino ya fi na mejo faɗin hanya, ko da yake ba haka kunne yake zato da farko ba.

Mawaƙiyar Kanada Joni Mitchell ce ta fi kowa nisa a wannan fagen. Shan inna da ta yi tana da shekara tara ya raunana mata hannun hagu, sai ta mayar da wahalar kan maɗauri: ta riƙa murɗa tsirkiyoyi har siffa mai sauƙi ta ba da kod mai zurfi. Ɗaurin da ta yi amfani da su sun haura 50. Darasin da ke ciki ga mai koyo shi ne ta kan fara da sautin da take nema, sannan ta ɗaure jitar ta dace da shi.

Masu tazara iri ɗaya

Waɗannan wata manufa ce daban, ba amshi suke nema ba, tsari suke nema. E A D G C F huɗu ne daga farko har ƙarshe, shi makaɗin jaz Stanley Jordan yake kaɗawa. Kowace siffa ɗaya ce a ko'ina a wuya, ƙwaƙwalwa ta huta, amma kod ɗin yatsa kwance na tsirkiya shida ya tafi, tunda E da F za su yi karo. Ralph Patt, makaɗin jaz, ya koma babbar uku zalla a 1964, irin E G# C E G# C. A nan sautuka 12 duka suna cikin gaɓa huɗu a kan tsirkiya uku, yatsa ɗaya gaɓa ɗaya, ba miƙewa. Abin da aka rasa shi ne faɗi, shi ya sa ya ƙara wa jitarsa tsirkiya. Halin waɗannan biyun, in ka tambaye ni, rashin hali ne: ba sa tura ka ko'ina, wanda alheri ne ga mai ƙirƙira nan take, amma ba shi kake nema ba yanzu.

Na Robert Fripp, makaɗin rok na Birtaniya, dabam ne. C G D A E G, wanda ya fara koyarwa a 1985, tazarar biyar ne har zuwa ta biyu, huɗun ƙasa kuma daidai suke da ɗaurin chelo, babban gogen nan na Turawa. Da an ci gaba da biyar, ta farko za ta zama B mai girgiza kusan 494 a sakan, abin da tsirkiyar jita mai tsawon da aka saba ba ta jurewa, sai aka tsaya a G. Daga ƙasa zuwa sama gaɓa 31 ne maimakon 24. Kod a nan a warwatse suke fita, da iska a tsakaninsu, masu tsabta da ɗan sanyi, amma cunkusasshen kod mai sautuka kusa da juna ya zama aiki. Kada ka gwada shi da tsirkiyoyin da ke jitarka yanzu, yana bukatar nasa saitin, masu kauri a ƙasa da sirara a sama.

Sai masu karya jeri. Mawaƙin rok Lou Reed ya taɓa ɗaure duk shidan a D a tsakiyar shekarun 1960, ƙungiyar Sonic Youth ta New York kuma ta gina muryarta a kan tagwayen tsirkiyoyi masu suna ɗaya, har suka riƙa yawo da jita da yawa, kowace da nata ɗaurin. Tsirkiya biyu ba sa taɓa daidaituwa ɗari bisa ɗari. Idan ɗaya ta fi ɗaya da girgiza biyu a sakan, za ka ji amon yana kumbura yana sacewa sau biyu a sakan, kuma wannan karkarwar da muke kora a buɗaɗɗen D ita suke nema. Ɗaurin Nashbil bai canza ko suna ɗaya ba, E A D G B E ne, amma an maye huɗun ƙasa da sirara masu oktaf ɗaya sama. Yatsunka suna yin abin da suka saba, kod ɗin kuwa suna fita a cure suna ƙyalli. Makaɗan rumba na Kwango suna da irin wannan dabarar a tsirkiya ɗaya: a cire D a sa siririya a ɗaure ta oktaf sama, sai kari ya riƙa tsalle inda ba a zata ba.

Tsirkiya da wuya

Yanzu ga wadda ta tsinke. Ba ƙarfin ja ne ya kashe ta ba, tunda E ɗin da ta saba ɗauka ka mayar da ita. Gajiyar ƙarfe ce. Duk lokacin da ka sauke ka ɗaga, wuri ɗaya ne a bakin maɗauri yake lanƙwashewa yana miƙewa, har ya gaji. Duba inda ta yanke. In a maɗauri ne, wannan ne dalili, ko kuma bakin ramin yana da kaifi. In a ɗan ƙashin da ke saman wuya ne, tsagin yana riƙe ta; goga masa bakin fensir.

Nauyin ja yana tafiya ne da girgiza ninkin kanta. Sauke tsirkiya taki guda, ja ya ragu da kusan kashi 21 cikin ɗari. Sauke ta taki biyu, kamar E zuwa C, ya ragu da kusan 37. Ɗaga ta taki guda ya ƙaru da 26. Ɗaga ta shida daga E zuwa G, kamar yadda wasu makaɗan jitar Mali da Sahara suke yi don babban yatsa ya sami shimfiɗa, ƙarin ya kai 41. Saitin tsirkiya na jitar katako, mai farawa daga inci 0.012 zuwa 0.053, yana jan wuya da abin da ya haura kilo 70, saboda haka waɗannan kason ba wasa ba ne. Shi ya sa a jitar katako ba na son buɗaɗɗen E, wanda ke ɗaga tsirkiya uku. Buɗaɗɗen D da kafo a gaɓa 2 zai ba ka sautukan nan ba tare da ka wahalar da ita ba.

Sakin ma yana canza murya. Sakakkiyar tsirkiya takan haura sama da zarar an buge ta da ƙarfi sannan ta sauko, tana da duhu, kuma tana iya yin ziza a kan gaɓoɓi. Wani ɓangare na abin da mutane ke kira zurfin ɗaurin C daga nan yake. In za ka zauna a C, sa ta shida mai kauri, 0.056 ko fiye. Kullum ka iso sauti daga ƙasa kana ɗagawa, kuma ka zagaya shidan fiye da sau ɗaya, domin taɓa ɗaya yana motsa wuya, sauran su kauce. Ban riƙe jitarka a hannu ba, don haka in ziza ta ƙi tafiya bayan ta kwana a sabon ɗauri, kai ta wurin mai gyara ya duba ƙarfen cikin wuya, kada ka murɗa shi da ka.

Da ni ne kai, ba zan bar DADGAD yanzu ba. Zan zauna a kansa har in iya kaɗa abu a gidan G, da A, da B maino ba kafo, in kuma zana wuyan a takarda in rubuta sunan kowace gaɓa zuwa ta bakwai, domin wanda bai san abin da yake dannawa ba siffa kawai yake ja. Bayan nan sai D A D F A D, tsirkiya ɗaya ce tsakaninsu, sannan C G C F C E. Kalmomin da na yi ta amfani da su, haske, duhu, sanyi, kewa, na kunnena ne, naka yana iya saɓawa, kuma jita mai babban ciki da ƙarama ba sa amsa ɗauri ɗaya iri ɗaya. Lissafin tazara da na ja ne kawai ba ya canzawa. In kuma ka kai ga ƙirƙiro naka, taɓa tsirkiya ɗaya a lokaci guda, ka fi yawan saukewa a kan ɗagawa, kuma duk abin da ka ɗauka a waya ka fara da faɗin sunayen tsirkiyoyin shida da inda kafo yake, domin kari yana dawowa cikin kai amma ɗauri ba ya dawowa.